Allo Na Cewa 37.5, Ƙwai Kuma Na Dahuwa: Amsa Kan Auna Zafi da Tamista

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Aboabo, nan Kumasi. Na haɗa akwatin ƙyanƙyasar ƙwai da katako, na sa Arduino Uno da tamista 10k da na saya a Adum, da rezista 10k, da rile mai kunna gulob biyu. Kod ɗin daga intanet na kwafo shi. Idan na ajiye tamistar a ɗaki, abin da take nunawa kusan ɗaya ne da ma'aunin zafin da ke rataye a bango. Amma a cikin akwati, allo na nuna 37.5, ma'aunin zafin jiki na kantin magani kuma ya haura 39. Ƙwan kajin da na sa sun fara fashewa tun kwana na 19, 'yan tsakin ba su da ƙarfi, da yawa sun mutu a cikin ɓawo. Sannan duk lokacin da rile ya kama, lambar sai ta riƙa tsalle. Yanzu ina so in sa ƙwan zabi. Tamistar ce jabu? In jefar da ita in sayi DS18B20?"

Wa'alaikumus salam ƙanena. Allah ya mayar maka da alherin abin da ka rasa. Ka yi kyau da ka sa ma'auni na biyu a cikin akwatin, don da yawa sukan ɗora wa ƙwan laifi, su sake sayo wasu, su sake asara. Tambayarka gida biyu ce. Na farko, me ya sa na'urar ke faɗin gaskiya a ɗaki, ta yi kuskuren kusan digiri 2 a cikin akwati. Na biyu, me ke sa lambar tsalle idan rile ya kama. Cuta biyu ce daban, kowace da maganinta, kuma ta farkon ce ta kashe maka 'yan tsaki. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi. Idan ya fara fashewa tun kwana na 19, alama ce sananniya ta cewa zafi ya yi yawa, wato ma'aunin kantin maganin ya fi allonka kusa da gaskiya. Amma kada ka jefar da tamistar tukuna. Mai yiwuwa lafiyarta ƙalau.

Abin da tamista ke yi da abin da ba ta yi

Tamista ba ta san digiri ba. Rezista ce kawai wadda turjiyarta ke sauyawa da zafi. Irin wadda ake auna zafi da ita ana kiranta NTC: zafi na hawa, turjiyarta na sauka. Da garin tsatsar ƙarafa irin su manganis da nikel da kobalt ake yin ta, a matse a gasa, kuma zafi yana ƙara sakin masu ɗaukar wuta a cikin wannan haɗin, shi ya sa wuta ke samun sauƙin wucewa. Michael Faraday ya ga wannan hali a wani haɗin azurfa tun 1833, kuma Samuel Ruben ya fito da wadda za a iya sayarwa a 1930. Akwai 'yar'uwarta PTC da ke yin akasin haka, amma ita aikinta kariya ne, ba ita muke magana ba.

To 10k ɗin da aka faɗa maka a shago, ma'anarta om 10,000 (om shi ne ma'aunin turjiya) a digiri 25 daidai, ba a kowane zafi ba. Yadda turjiyar ke gangarowa bayan an bar 25 kuwa, wata lamba ce daban ke bayyana shi, ana kiranta B ko Beta. Wannan lambar ba a rubuta ta a jikin tamista, kuma mai shago galibi daga leda ɗaya yake ɗebowa, bai san ta ba shi ma. Biyu ne suka fi yawo a kasuwa: 3950 da 3435. Kusan duk kod ɗin da ake kwafowa daga intanet 3950 ne a ciki. Amma na'urorin firji da firiza da yawa 3435 suke amfani da ita, don haka tana nan jibge a hannun masu kayan sanyi.

Ka ɗauki agogo biyu da aka saita tare da azahar, ɗaya yana ɗan jinkiri. In ka duba su nan take za ka ce duk daidai suke, sai isha'i ta yi tazarar ta bayyana. Digiri 25 ita ce azahar ɗin tamista. Duk wata 10k, ko wace iri ce, a nan take haɗuwa da 'yan'uwanta. Ɗakinka na Aboabo bai yi nisa da 25 ba, saboda haka dacewar da ka gani a ɗaki ba ta tabbatar da komai ba.

Bari mu yi lissafin da lambobinka. A digiri 37.5, tamista mai B 3950 tana da kimanin om 5,870. Mai B 3435 kuma tana da kimanin om 6,290. Ka ce a hannunka akwai mai 3435, kod kuma na zaton 3950. A ɗaki mai digiri 28, allo zai nuna kusan 27.6, ba wanda zai lura. Idan akwati ya kai 37.5 na gaskiya, allo zai nuna kusan 35.8, sai Arduino, 'yar kwamfutar da ke tafiyar da kod, ya ga da saura, ya bar gulob a kunne. Ba zai kashe ba sai turjiya ta sauko 5,870, kuma wannan tamistar ba ta kai nan sai zafi ya kai kusan 39.5. Ka ga allo na cewa 37.5, ƙwai na zaune a 39.5. Wannan ya yi kama da labarinka sosai, shi ya sa nake tuhumar B kafin komai.

Sauran waɗanda ake tuhuma

Ban ga akwatinka da idona ba, don haka ba zan rantse cewa B kaɗai ce ba. Amma akwai dabarar rage zargi: kuskurenka yana da alkibla. Allonka ƙasa da gaskiya yake nunawa. Duk abin da ke sa a nuna sama da gaskiya, ba shi ne ya yi maka wannan ɓarnar ba.

Na farko da ke iya tafiya ta alkiblarka ita ce rezistar 10k. A kusa da zafin ƙyanƙyasa, turjiyar tamista na sauyawa da kimanin kashi 4 cikin 100 a kowane digiri. Rezista mai zoben zinare a ƙarshe an yarda mata ta kauce da kashi 5 cikin 100. Wato ita kaɗai tana iya jawo kuskuren sama da digiri 1. Idan ainihinta om 9,500 ce, kod kuma na lissafi da 10,000, tamistar kuma na ɓangaren GND (ƙafar ƙasa ta da'ira), allo zai nuna sanyin da babu shi. Nemi mai zoben ruwan ƙasa a ƙarshe, ta kashi 1 cikin 100, galibi jikinta shuɗi ne. Ko kuma ka auna wadda kake da ita da mita, ka rubuta ainihin lambar a kod. Ita ma tamistar tana da nata sassaucin, wasu kashi 1, wasu har 5.

Na biyu shi ne wurin da ka ajiye ta. Akwatin da ba shi da fanka, samansa da ƙasansa sukan bambanta da digiri ɗaya zuwa biyu ko fiye. In tamistar na kwance a ƙasa, ko manne da bango, ko kusa da ƙofa da ramin iska, zafin wurin take faɗa, ba na ƙwai ba. Mazauninta shi ne tsakiyar tire, daidai tsayin saman ƙwai, a rataye a iska. A shagona, kafin in taɓa kod ɗin kowa, ƙofar akwatin nake fara buɗewa in ga inda aka maƙala ta. An taɓa kawo mini wani akwati da aka liƙe tamistar da salatif a jikin kwanon ruwan da ke ba da danshi. Ruwa mai tururi kullum ya fi iskar akwati sanyi, sai gulob ya ƙi mutuwa, ƙwan saman tire suka sha wuta. Matsar da ita tafin hannu ɗaya ya gyara abin da mai akwatin ya yi makonni yana nema a cikin kod.

Waɗanda ke tafiya ta ɗaya alkiblar, ka san su don gaba: hasken gulob da ke dukan tamista kai tsaye, danshin da ya shiga tsakanin ƙafafunta, da ɗumin da wutar da ke ratsa ta ke haifarwa. Duk ukun sama da gaskiya suke sa a nuna, ƙwai su zauna cikin sanyi, ƙyanƙyasa ta yi jinkiri. Na ƙarshen zan dawo kansa, don yana shafar gyaran da za mu yi.

Shi ma ma'aunin kantin magani, a yi masa adalci. An yi shi ne don baki ko hammata, kuma lamba mafi girma da ya gani yake riƙewa. A cikin iska yana iya kama ƙololuwar zafi bayan gulob ya jima a kunne. Don haka 39 ɗin da ka gani ishara ce mai ƙarfi, amma awo na gaskiya a cikin ruwa za mu yi shi.

Gwajin ƙanƙara

In kana so ka san wace B ce a hannunka, hanya mafi sauƙi ita ce ƙanƙara. Daka ta ƙanana, cika kofi da ita, zuba ruwa kaɗan yadda zai cike tsakaninta ba tare da ta taso ta yi iyo ba, ka juya. Wannan haɗin digiri 0 ne. Cire tamistar daga da'ira, sa ta cikin 'yar leda marar huji in ba mai rufin ƙarfe ba ce, ka nutsa ta tsakiya, ka jira lambar mita ta tsaya. Mai B 3950 za ta nuna wajen 32k zuwa 33k. Mai 3435 za ta nuna wajen 27k zuwa 28k. Tazarar babba ce, ko mita mai araha za ta raba su.

In ka ga lambar da ba ta kusa da ko ɗaya, duba rubutun jikinta. 103 na nufin 10k, 104 na nufin 100k, irin ta injin buga abubuwa na 3D. Waɗanda ake cirowa daga na'urar sanyaya ɗaki kuma akwai 5k, 15k, 20k har 50k. Akwai kuma baƙar faifai mai rubutu kamar 10D-9 da ake samu a tsohuwar na'urar ba da wuta. Ita ma NTC ce, amma om 10 ce kacal, aikinta rage ƙarfin wutar farko idan an kunna, ba ta awo.

Gyaran da na fi ba da shawara

Sanin B yana da amfani, amma ni ba a nan nake tsayawa ba. Ita kanta B ba tsayayyiya ba ce, tana ɗan sauyawa daga wannan zafi zuwa wancan, shi ya sa takardun kamfani ke rubuta B25/50 ko B25/85, wato tsakanin waɗanne digiri biyu aka auna ta. Wanda ke son awo daga ƙanƙara zuwa tafasa sai ya koma lissafin da John Steinhart da Stanley Hart suka fitar a 1968 don auna zafin teku, mai lambobi uku. Kai ba ka buƙatar wannan. Duk rayuwar akwatinka tsakanin 36 da 39 take. Abin yi shi ne ka ɗauke azahar ɗin daga 25 ka dawo da ita 37.5.

Ga lissafin da ke cikin kod ɗinka: 1/T = 1/T0 + ln(R/R0)/B. T shi ne zafin da ake nema, R ita ce turjiyar da aka auna yanzu. R0 da T0 su ne wurin da aka kafa, kuma a kod ɗin da ka kwafo za ka tarar R0 = 10000, T0 = 298.15, wato digiri 25 a ma'aunin Kelvin, wanda ake samu ta ƙara 273.15. Babu abin da ya wajabta waɗannan lambobin. Kowane wuri da ka auna da kanka zai iya maye gurbinsu.

Samo filas ɗin shayi. Haɗa ruwan zafi da na sanyi har ma'aunin zafin jiki ya nuna kusa da 37.5. Irin wannan ma'aunin tsakanin 32 da 42 kawai yake aiki, amma a wannan ɗan tsakanin kuskurensa kusan 0.1 ne, ya fi yawancin abin da za ka saya a kasuwar lantarki. In da hali ka sami biyu ka gwada su da juna. Ɗaure tamistar kusa da bakin ma'aunin, ka bar ta a jone da Arduino, da wayarta da rezistarta yadda za su zauna a akwati. Sa kod ya riƙa buga R a Serial Monitor. Juya ruwan, jira minti biyu ko uku, kashe ma'aunin ka sake kunnawa kafin kowane awo, sannan ka rubuta lambobin biyu a lokaci guda. Maimaita har ka ga suna dawowa wuri ɗaya. Ba dole ruwan ya zama 37.5 cif ba. In ma'auni ya ce 37.2, Arduino kuma ya ce 6,350, sai ka sa T0 = 310.35 da R0 = 6350.

Amfanin yin awon da Arduino maimakon mita shi ne, kuskuren rezista da na tamista duk sun shige cikin R0, sun ɓace. Kuma ko B ɗinka ba daidai ba ce, a wurin da ka kafa kuskure babu, in ka matsa digiri ɗaya kuma bai fi 0.15 ba. In kana son ƙarin natsuwa, ɗauki awo biyu, ɗaya wajen 35 ɗaya wajen 40, ka fitar da B taka: B = ln(R1/R2) ÷ (1/T1 − 1/T2), duka a Kelvin. Rubuta lambobin a takarda ka liƙa a jikin akwati, don ranar da ka canza tamista ko rezista, dole a sake awon daga farko.

Kafin ka shiga ruwa, akwai abu ɗaya da za ka rage, wato ɗumin da tamista ke yi wa kanta. Da bolt 5 da rezista 10k, kimanin miliwat 0.6 ke ƙonewa a cikinta. Ƙaramar tamista mai kamar kan ashana, miliwat 1 zuwa 2 ya isa ya ɗaga ta digiri ɗaya a iskar da ba ta motsi. Wato tana iya ƙara wa kanta 0.3 zuwa 0.6. Ruwa yana kwashe wannan ɗumin, iska ba ta kwashe shi sosai, don haka in ba ka rage shi ba, awon filas ba zai dace da na akwati ba. Magani: kada ka jona saman rezistar da 5V kai tsaye, jona shi da wata ƙafar dijital, misali D7. Kunna ƙafar, jira milisakan 10, karanta, kashe. In sau ɗaya a daƙiƙa kake karantawa, tamistar za ta wuni kusan ba wuta a jikinta. Wasu sukan yi amfani da 3.3V su jona shi da AREF, ƙafar da ke saita iyakar awo, hakan ma yana rage ɗumin fiye da rabi, amma dole a rubuta analogReference(EXTERNAL) kafin analogRead na farko, in ba haka ba ana iya lalata guntun.

Tsallen lamba

Uno yana raba bolt 5 gida 1,024, daga 0 zuwa 1023. In tamistar na ɓangaren GND, rezistar na sama, a 37.5 za ka ga wajen 378 ga mai B 3950, kuma kowane digiri kusan gida 10 ne. Saboda haka motsin gida ɗaya ko biyu, wato 0.1 ko 0.2, ba cuta ba ce. Tsallen rabin digiri ko digiri guda a lokacin da rile ya kama, wannan hayaniya ce ta shigo.

Ƙofofinta sanannu ne. Nadin rile yana jan wajen miliamfa 70, kuma in wayar GND ɗinsa ɗaya ce da ta tamista, wannan jan yana ɗaga ƙasan da ake awo a kai. Ba wa tamista wayar GND tata, ta tafi kai tsaye zuwa ƙafar Arduino. Sai wayar tamista da ke bin gefen wayar gulob mai bolt 230: raba su, ka murɗe wayoyin tamista biyu da juna kamar igiya. Sa kafasita 100nF, mai rubutu 104, tsakanin A0, ƙafar da ke karanta tamista, da GND, a kusa da allon Arduino, ba can wajen tamista ba. Cajar waya mai araha ita ma tana zubo datti, in ka gwada da batir ka ga lamba ta natsu, ka gano mai laifi. In har yanzu a kan farin allon gwaji mai ramuka kake, sauka daga kai ka yi dalma, don danshin akwati da rawar fanka ba sa barin waɗannan ramukan su riƙe waya da kyau.

Sannan a kod, kada ka dogara da karatu ɗaya. Wutarmu a Ghana sau 50 take juyawa a daƙiƙa, kowane zagaye milisakan 20. Ɗauki karatu 20 ko 40 da tazarar milisakan ɗaya, ka fitar da matsakaici, hayaniyar wutar gida za ta cinye kanta. Kuma ka duba lissafin: R = 10000.0 * adc / (1023.0 - adc), inda adc shi ne karatun A0. Wannan ɗigo da sifirin ba ado ba ne. A Uno, int ba ya wuce 32,767, in ka rubuta 10000 * adc ba ɗigo, lamba za ta cika ta zube, ka ga shirme. Haka kuma log() ake so, ba log10() ba.

Rile kuma a ba shi tazara. Kunna a 37.3, kashe a 37.7, kada ya riƙa ƙaf-ƙaf a kan lamba ɗaya har bakinsa ya ƙone. Ka sa 'yar fankar kwamfuta mai bolt 12 ta riƙa juya iska dare da rana. Lambar 37.5 da kowa ke faɗa ta akwati mai fanka ce.

Ranar da waya ta tsinke

Wannan ba ka tambaya ba, amma ba zan iya yin shiru a kai ba. In tamistarka na ɓangaren GND, kuma wayarta ta tsinke, ko dalma ta saki, A0 zai haye 1023. Kod zai fassara hakan da sanyi mai tsanani, wani lokaci allo ya nuna −273, ya kunna gulob ya ƙi kashewa. Akwatin katako ne, a cikin gida, mutane na barci. Asarar ƙwai ita ce mafi ƙanƙanta a nan. Akwatinka ba zai taɓa sauka ƙasa da 150 ko haura 800 a karatun A0 ba in komai lafiya, don haka rubuta cewa duk karatun da ya fita daga wannan tsakanin, a kashe gulob, a kunna ƙararrawa. Sannan ka sa abin da ba ya jiran umarnin kod: 'yar makunnin zafi irin KSD9700 mai yankewa a digiri 45, a jere da wayar gulob. Rile yakan manne a kunne, Arduino yakan daskare, musamman in an ɗauke wuta an dawo da ita da ƙarfi. Ɓangaren bolt 230 ɗin kuma, in hannunka bai saba ba, kai wa mai gyaran lantarki ya duba maka haɗin kafin ka rufe.

Batun DS18B20

Ma'aunin zafi ne na dijital, kuma abu ne mai kyau. Lambar digiri take bayarwa kai tsaye ta waya ɗaya, da rezista 4.7k, ba ruwanka da B, kuma hayaniyar rile ba ta cika damunta ba. Amma alkawarin kamfani shi ne kuskuren da bai wuce 0.5 ba, sama ko ƙasa, kuma rabin digiri a wajen ƙwai ba ƙaramin abu ba ne. Ga shi kwaikwayonta ya cika kasuwa, daga Adum har Zongo Lane na Accra. Ko ita ka saya, filas ɗin nan ba za ka tsallake shi ba. Tamistar da aka kafa a 37.5 da hannu ta fi DS18B20 da aka ciro daga leda aka jona. In kuɗi ya samu, sa duka biyun, kod ya riƙa kwatanta su, in sun rabu da fiye da digiri ɗaya ya yi ƙara.

DHT11 kuwa, mai auna zafi da danshi tare, kada ka ba ta ragamar gulob, kuskurenta ya kai digiri 2. In don ganin danshi ne, DHT22 ko SHT31 sun fi. Wanda ba ya son kod sam, akwai W1209, ɗan allo mai bolt 12 da tamistarsa da rilensa, P1 na saita tazara, P4 na gyara kuskure, kuma shi ma da filas ake saita P4 ɗin. In wata rana ka koma ESP32, ɗan'uwan Uno mai Wi-Fi, don ganin zafi a wayarka, ka sani ma'aunin cikinsa ba miƙaƙƙe ba ne kamar na Uno, kuma ƙafafun ADC2 ba sa karatu in Wi-Fi na aiki. A can DS18B20 ko ADS1115 sun fi sauƙi.

Abin da zan sa ka canza shi ne jikin tamistar, in tsirara ce mai ɗigon baƙin roba. Kwanakin ƙarshe ana ɗaga danshi zuwa kashi 65 ko 70 cikin 100, kuma ƙwan zabi kwana 26 zuwa 28 yake ɗauka, kusan mako guda fiye da na kaza. Ruwa na samun lokacin shiga. Sayi mai rufin ƙarfe, ko ka rufe ƙafafun da robar da ke tsukewa da zafi har kan dalma.

Ni mai lantarki ne, ba makiyayi ba. Yawan juya ƙwai, ranar daina juyawa, da yadda ake gane ƙwan zabi mai kyau cikin waɗanda ake saukowa da su daga arewa da damina, tambayi masu kiwon da suka daɗe a ciki, sun fi ni. Abin da ke hannuna shi ne zafi. Bayan ka gama gyara, kunna akwatin ba ƙwai na kwana biyu, ka jera robobin ruwa a tire su tsaya a madadin ƙwan, ka riƙa rubuta abin da allo ya nuna da asuba, da tsakar rana, da tsakar dare. Ka auna ruwan roba ta tsakiya da ta kowace kusurwa da ma'aunin zafin jiki. In tazarar kusurwa da tsakiya ta wuce rabin digiri, matsar da fanka ko gulob kafin ka sa ƙwai. Turo mini lambar da mita ta nuna a ƙanƙara, da R0 ɗin da ka samu a filas, da hoton inda tamistar ke rataye, in duba maka su kafin ka sayo na zabin.